Ranar da Zulai Ta Kasa Karatu

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, Malam Kamilu ya jingine babur ɗinsa a zaure ya koma zuwa makaranta da ƙafa. Daga gidansa da ke bayan kasuwar Tsanyawa zuwa firamaren Rimin Ja'e tafiya ce mai ɗan nisa ta tsakiyar gonaki, in ruwa ya yi yawa sai ya cire takalmi ya naɗe wando kafin ya tsallake wani kwari. Albashi yana zuwa, amma kafin wata ya raba ya ƙare. Matarsa Sakinatu, wadda take goyo a lokacin, ta daina ɗora tukunya da rana. Koko da safe, tuwo da yamma, shi ke nan.

Shi yake riƙe da aji huɗu. Ajin ba shi da benci ko ɗaya mai ƙafa huɗu, yara a kan tabarmi suke zama, wasu a kan buhunan taki da aka farke. A cikinsu akwai Zulaihatu, wadda kowa yake kira Zulai, 'yar wani manomi mai suna Malam Basiru. Siririya ce, ba ta da yawan magana, amma tun tana aji biyu ta iya karatu. Duk abin da yake da rubutu sai ta karanta shi: jikin buhun da take zaune a kai, takardar da aka ƙunso ƙosai, rubutun bayan motar haya. In an kira Malam Kamilu ofis, ita yake miƙa wa littafi ta ci gaba da karanta wa 'yan ajin, kuma sukan yi tsit suna saurarenta.

Malam Basiru bai yi boko ba. Gonarsa ƙarama ce, kuma shekarar bai sami sayen taki ba, geron ya fito a ƙanjame. Akwai wata mata da take zagaya ƙauyukan wajen tana ɗaukar yara mata zuwa aikatau a gidajen Kano, ta zo masa ba sau ɗaya ba a kan Zulai, yana ƙi. Dalilinsa ɗaya ne. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Kamilu ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam Basiru, yarinyar nan taka Allah ya ba ta kai. Ko me za a yi, ka bar ta a makaranta." Shi kuwa ya ɗauki maganar ya riƙe, har yakan maimaita ta a majalisa in ana hirar yara.

A farkon shekarar karatun da su Zulai suka shiga aji huɗu, hedimasta, Malam Ja'afaru, ya tara malamai a gindin darbejiyar da ke tsakar makaranta. Dattijo ne mai haƙuri, ya kusa ritaya, hawan jini ya sa shi gaba. Ya gaya musu an sa makarantarsu a wani sabon shiri. Za a zo a gwada karatun yara yanzu a farkon shekara, a sake gwada su a ƙarshenta. A tsakani kuma za a aiko mai duba malamai ya zauna a aji ya ga yadda kowa yake koyarwa. Malamin da aka yaba koyarwarsa, kuma yaransa suka ci gaba sosai tsakanin gwaji na farko da na biyu, za a ba shi kuɗin ƙwazo a kan albashinsa.

Malamai suka fara murna. Malam Ja'afaru ya bari suka lafa, sannan ya rage murya.

"Ku fahimci abin da kyau. Ba abin da yaro ya sani ake dubawa ba, nisan da ya yi daga inda ya fara ake dubawa. Yaron da ya fara daga sama, ina kuma zai hau? Saboda haka ranar gwajin farko, kowa ya ja kunnen yaransa. Duk abin da aka nuna musu su ce ba su sani ba. Ƙarshen shekara sai su buɗe baki."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Malam Kamilu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai koya wa yara ƙarya ne."

"Malam Kamilu, yaushe rabon da a dafa shinkafa a gidanka?" Hedimasta bai faɗe ta da faɗa ba, a hankali ya faɗa. "Makarantun da ke kewaye da mu duk haka za su yi, na ji daga bakin shugabanninsu. In mu kaɗai muka tsaya, su za a ba, mu a ce ba ma aiki. Kuma wa zai cutu? Yaron da ya iya ya iya, ba wanda zai cire masa daga ka."

Da Malam Kamilu ya koma gida ya tarar da Sakinatu tana jijjiga jaririn yana ta kuka, nono bai ishe shi ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallonsu. Bai gaya mata abin da aka tattauna ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ana gobe gwaji ya rufe ƙofar aji, abin da bai saba yi ba. Ya ce wa yaran gobe baƙi za su zo daga birni, za su nuna musu baƙaƙe da kalmomi. Kowa ya ce bai sani ba. Ya ce wani tsari ne na makaranta, na yini ɗaya ne kawai. Yawancin yaran suka ɗauke shi wasa, har wasu maza suka fara gwada yadda za su faɗa suna ƙyalƙyala dariya. Zulai ta ɗaga hannu.

"Malam, har ni?"

"Har ke, Zulai."

"Ko na sani?"

"Ko kin sani." Ya juya ya fara goge allo, alhali babu komai a jikinsa.

Washegari da hantsi mota ta kawo samari da 'yan mata masu gwajin. Suka shimfiɗa tabarma a inuwa, suna kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Kowane yaro za a nuna masa kati mai baƙaƙe, in ya wuce a nuna masa kalmomi, in ya wuce a ba shi ɗan gajeren labari. Malam Kamilu yana tsaye a tagar ajinsa yana hango su. Da aka zo kan Zulai, wata budurwa mai farin mayafi ta ɗora mata katin a cinya. Daga inda yake ya ga leɓɓanta suna motsi, ta riga ta tsallake baƙaƙen ta gangara ƙasa tana karanta labarin a zuci. Sai ta ɗago ta dubi tagar. Shi kuwa bai kau da kai ba, bai kuma yi mata wata alama ba.

"Ban sani ba," in ji Zulai.

Budurwar ta sa yatsa a kan baƙi na farko. "Wannan fa? Mai sauƙi ne."

"Ban sani ba."

Hawaye suka gangaro mata. Budurwar ta dafa kafaɗarta ta ce, "Kar ki yi kuka, ƙanwata, za ki iya wata rana," ta danna wani abu a wayarta, ta kira na gaba.

Abin da hedimasta bai sani ba, ko ya sani ya manta, shi ne shirin yana da taron iyaye. Ana cikin cirar gyaɗa jami'an suka dawo, aka yi shela a masallaci, iyaye maza suka cika tsakar makaranta. Jami'in da ya jagoranci taron mutum ne mai son aikinsa, abin da ya gani a sakamakon ya tayar masa da hankali. Ya ce ba zai ɓoye wa iyaye komai ba, domin sai sun san girman ciwon za su taimaka. Sai ya shiga kiran sunayen yaran da suka kai aji huɗu ba su san baƙi ko ɗaya ba, yana haɗawa da sunan uba, don kowa ya san nasa ya sa masa ido.

Malam Basiru yana sahun gaba, ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a. Da aka ce "Zulaihatu Basiru", ya yi kamar bai ji daidai ba. Wani na kusa da shi ya ɗan taɓa shi da gwiwar hannu. Ya waiwaya yana neman Malam Kamilu a cikin malamai, ya same shi, ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya mai da idonsa ƙasa. Kafin a shafa fatiha ya tashi ya kama hanyar gida.

Malam Kamilu ya so ya bi shi. Hedimasta ya tare shi a bakin ofis. "Ka rufa mana asiri. In maganar nan ta fita, ba kuɗin kawai za mu rasa ba, aikinmu ne. Ka bari ƙura ta lafa, ƙarshen shekara za a kira sunanta a cikin na gaba-gaba, uban ya huce."

Ya bari. Zulai ta ci gaba da zuwa, amma ta koma can baya jikin bango, ta daina ɗaga hannu. In ya miƙa mata littafi sai ta karanta layi ɗaya da ƙaramar murya ta miƙo masa. Kullum yana cewa a ransa gobe zai je wajen ubanta, goben kuma in ta zo sai ya ga wani dalilin jinkirtawa. Sai wata Litinin Zulai ba ta zo ba. Talata ma haka. Ran Laraba da aka tashi bai nufi Tsanyawa ba, ya ratsa ta cikin karan dawa ya nufi gidan Malam Basiru.

Ya same shi a ƙofar gida yana tsinkar gyaɗa shi kaɗai. Suka gaisa kamar yadda aka saba, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki. Malam Basiru ya tura masa turmi ya zauna.

"Na ga Zulai ba ta zo ba kwana biyu."

"Ta tafi Kano, Malam. Ran Lahadi matar nan ta zo ta tafi da ita."

Malam Kamilu ya ce, "Malam Basiru, yarinyar nan ta iya karatu. Ta fi kowa a ajin. Abin da aka faɗa a taron nan ba haka yake ba. Ni na ce ta ce ba ta sani ba. Dukkansu mu muka sa su."

Hannun Malam Basiru ya tsaya a kan gyaɗar. "Kai ka ce mata?"

"Ni na ce mata."

"Saboda me?"

Ya yi masa bayani, gwajin farko da na ƙarshe, da kuɗin da za a ba malamai. Yana faɗa yana jin yadda maganar take fita ba daɗin ji. Malam Basiru ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

"Ta gaya mini," ya ce. "Ranar da na dawo daga taron na kira ta, ta ce Malam ne ya ce su faɗi haka. Na ce ƙarya take, Malam Kamilu ba zai yi wannan ba. Ta ɗauko wata takarda tana karanta mini tana kuka, ni kuwa ina zan san ko karatu take ko shirya magana take? Na doke ta, Malam. Tunda aka haife ta ban taɓa sa mata hannu ba sai ran nan. Na ce ga daƙiƙanci ga yi wa malami sharri." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Ashe a kan gaskiya na doke ta."

"Laifina ne. Don Allah a dawo da ita, ni zan je har Kano in an ba ni kwatance."

"An riga an yi magana da mutane, abin da suka bayar na sayi hatsi da shi, ana ci. Tun bara nake ƙinsu, kuma saboda maganarka nake ƙinsu." Ya ɗago ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, sai gajiya. "In na dawo da ita, wajen wa zan kai ta?"

Daga cikin gida Malam Kamilu ya ji muryar Furera, uwar Zulai, tana yi wa wani yaro magana, sai kuma ta yi shiru, da alama tana jin su. Ya zauna har aka kira la'asar, suka yi salla a masallacin unguwa sahu ɗaya, kowa ya kama gabansa.

Mai duba malamai ta zo a zango na biyu. Sunanta Hajiya Asama'u, dattijuwa mai tabarau, wadda ta daɗe tana koyarwa kafin a mai da ita ofis. Aka ɗauko mata kujerar hedimasta aka ajiye a bayan aji. Malam Kamilu ya koyar da karatu kamar yadda ya saba, bai ƙara komai ba saboda ita. Ya rubuta ɗan labari a allo game da wata akuya da ta shiga gonar wake, ya raba yaran rukuni-rukuni, masu ƙarfi suna jan masu rauni, yana zagayawa yana durƙusawa kusa da kowane rukuni. Yaran suka saki jiki har suka manta da baƙuwar. Ita kuwa tana kallo, tana rubutu jefi-jefi.

Da aka fita hutun tara ta kira shi. Ta ce darasin ya yi kyau, ta nuna masa wuri ɗaya da ya kamata ya gyara, cewa yana yawan tambayar na gaba yana barin na baya. Sannan ta cire tabaranta tana gogewa da gefen mayafi.

"Duk makarantar da na shiga a yankin nan abu ɗaya nake gani. Yaran da aka ce ba su san baƙi ba da kaka, ga su yau suna karanta labari. Ko dai malaman bana waliyyai ne, ko kuma akwai abin da ba a gaya mana ba."

Malam Kamilu ya mai da idonsa ƙasa.

"Ba tambayarka nake ba," ta ce. "Darasin yau aka aiko ni in duba, na duba. Ni ma na yi koyarwa da yunwa a cikina, na san yadda take. Zan dai gaya musu a can, in za su sake wannan gwaji su daina sanar da rana, su kuma daina kiran sunan 'ya'yan mutane a bainar jama'a." Ta mai da tabaranta. "Lafiya dai ko, Malam? Na ga idonka ya yi ja."

"Lafiya lau, Hajiya."

Ƙarshen shekara masu gwaji suka dawo da katunansu. Yara suka buɗe baki suka yi karatu, wanda ya iya da wanda ya koya a cikin shekarar, domin gaskiya wasu da yawa sun koya. Aji huɗu na Rimin Ja'e ya fito cikin waɗanda suka fi ci gaba a yankin. Aka kira Malam Kamilu a wani taro, aka tafa masa, aka ɗauki hoto. Da kuɗin suka shigo ya sayo buhun gero da ɗan shinkafa, ya sai wa jaririn magani. Ran nan Sakinatu ta dafa shinkafa da wake da rana tsaka, tana ta sa albarka, ya zauna ya ci har ya ƙoshi, domin yunwa yake ji.

Bayan kwana biyu ya ɗebi geron da yawa a buhu ya ɗora a ka ya kai gidan Malam Basiru. Lokacin damina ta yi nisa, rumbuna duk sun yi ƙasa. Malam Basiru ya daɗe yana kallon buhun. A irin wannan lokaci ba mai mai da hatsi. Ya ce, "Allah ya saka da alheri," ya ɗauka ya shiga da shi ciki. Da ya fito bai ce masa ya zauna ba. Malam Kamilu ya sake ɗauko maganar dawo da Zulai.

"Sai mun ga yadda kaka ta yi," in ji Malam Basiru.

Cikin hutun nan Furera ta haihu, aka bar Zulai ta zo suna. Malam Kamilu bai ji labari ba sai ranar da za ta koma. Ranar kasuwar Tsanyawa ce, ya fito sayen gishiri da kalwa, ya hango ta a tasha tsaye kusa da bas ɗin Kano, tare da matar da take kai su da wasu yara mata biyu. Ta ƙara tsawo. An ɗinka mata atamfa sabuwa, hannuwanta kuwa sun yi kaushi, duk sun tsattsage saboda wanki. Da ta gan shi ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Malam."

"Lafiya lau, Zulai. Tashi, tashi. Yaya Kano?"

"Lafiya lau."

"Suna kula da ke?"

"Suna yi. Yaran gidan nake raino, ina kai su makaranta in ɗauko su."

Ya tsaya yana neman abin da zai ce. Ya shirya maganganu da yawa a cikin watannin nan, a hanyar gona, amma ga mutane, ga kwandasta yana ta kiran fasinja, ga matar tana kallonsa.

"Zulai, abin da na sa ki yi ran nan ba daidai ba ne. Ki yafe mini."

Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta. "Ba komai, Malam. Baba ma ya ce in yafe masa." Sai ta ɗago. "Su Huseina 'yan ajinmu sun shiga aji biyar?"

"Za su shiga in an koma."

"Ka gaishe su."

Matar ta ce su shiga kar a cike wurin. Aka cusa su a kujerar baya tare da buhunan barkono, kwandasta ya ja ƙofa da ƙarfi har sau biyu kafin ta kama. Bas ɗin ta fita daga tasha a hankali saboda cunkoson 'yan kasuwa, ta hau kwalta. Malam Kamilu ya tsaya a wurin har wani mai tura kurar kaya ya yi masa magana ya ba shi hanya.

Kakar ta zo ba yabo ba fallasa, amma hatsi bai sauko ba, Zulai kuma ba ta dawo ba. Shekarar da ta biyo Malam Basiru ya bar gonar a hannun ƙaninsa ya kwashe iyalinsa suka koma wajen Watari, inda yake ƙwadago a lambunan mutane. Malam Kamilu ya ci gaba da riƙe aji huɗu. Ya taɓa tambayar matar nan kwatancen gidan da Zulai take, ta ce ai ta bar can, an mai da ita wani gidan a wata unguwa, sunan unguwar ya kwanta mata.